Tun da Ungulu Ta Yi Kuɗi Ta Fara Ƙarewa

Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar Hausa ya san cewa a da ba a yanka a mahauta sai da 'yan kallo a kan katanga. Kafin mahauci ya gama wasa wuƙa sun jeru, wasu a kan rufin kwano, wasu a reshen ɗurumi, wasu kuma a ƙasa suna takawa ɗaiɗai tsakanin ƙafafun mutane ba tsoro. Da an farke tumbi an zubar da abin da ke ciki sai su yi caa a kai, fuskar nan tasu mara gashi ta rine ta yi jawur, ana ture-ture da fukafukai. Yaro ya jefe su, su matsa taku uku su dawo. Kafin azahar sun tsince wurin tas. A yau akwai garuruwa da dama a Arewacin Nijeriya da yaro zai tashi har ya gama sakandare bai taɓa ganin ungulu ido da ido ba, sai dai ya ji manya na cewa an yi wa wane ungulu da kan zabo.

Ba a yi shelar tafiyarta ba. In giwa ta mutu a Yankari za a ji a rediyo, in aka kama buhunan hauren giwa a tashar jirgin ruwa ta Legas za a kira 'yan jarida a ɗauki hoto. Ungulu kuwa tsuntsuwar da aka raina ce, mai cin mushe, wadda ake zagin mutum da ita. Abin da aka raina ba a ƙirga shi, shi ya sa sai da ta kusa ƙarewa sannan mutane suka fara ɗaga kai suna tambayar ina ta shiga.

Wanda ya fara kawo hujjar da ba ta musuntuwa a wannan yanki wani masanin tsuntsaye ne Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay. Tsakanin 1969 da 1973 ya bi hanyoyin mota na dubban kilomita a Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga duk wani tsuntsu mai cin nama da ya gani. A 2003 da 2004 ya sake bin hanyoyin nan, a irin lokacin da ya bi su da farko, da irin ƙirgar da ya yi da farko. A wajen gandun dajin da gwamnati ke karewa, manyan ungulaye da mikiyoyi sun ragu da kusan kashi 98 cikin 100. Ungulun gari, wadda muka saba da ita a mahauta, ta ragu da kashi 45. Wannan fa ƙirgar fiye da shekara ashirin da suka wuce ce, kuma abin bai tsaya nan ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da jadawalin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sa nau'i huɗu na ungulayen Afirka a matakin ƙarshe kafin a ce sun ɓace daga daji: ungulun gari, da mai farin baya, da mai farin kai, da mikiyar Ruppel. Ita wannan mikiya ita ce ta taɓa karo da jirgin sama a sararin Abijan a 1973 a tsayin da ya haura mita 11,000, ba a taɓa tabbatar da wani tsuntsu ya kai nan ba. Nau'in ungulu goma sha ɗaya ne a Afirka, kuma mafi yawansu yanzu suna cikin wannan jadawali.

Kafin a zo ga wanda ke kashe ta, akwai lissafin da in ba a riƙe shi ba sauran maganar ba za ta zauna ba. Zabuwa takan tara ƙwai fiye da goma a kwanci guda, in kura ta cinye rabi sauran su isa. Ungulu ƙwai ɗaya take yi, sau ɗaya a shekara. Ta yi kwana hamsin ko kusa da haka tana kwanci, ta shafe watanni tana ciyar da ɗan, kuma ba kowace shekara yake rayuwa ba. In ya rayu ma sai ya yi shekara biyar ko shida kafin ya fara nasa ƙwan. Tsuntsu mai irin wannan haihuwa da tsawon rai yake rama asara: uwa guda ta daɗe tana ajiye ɗa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka kashe babbar ungulu guda kashe 'ya'yan shekaru masu yawa ne. Ko ƙaramin ƙari aka samu a yawan manyan da ke mutuwa duk shekara, garken zai dinga zaizayewa a hankali, ba wanda zai lura sai an wayi gari katanga ba kowa.

A 2016 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Darcy Ogada, wadda ke aiki a Kenya, suka tattara bayanin mutuwar ungulaye fiye da 7,800 a ƙasashen Afirka 26. Kashi 61 cikin 100 guba ce ta kashe su. Kashi 29 an kashe su ne don a sayar da sassan jikinsu. Kashi 9 wayoyin lantarki da turakunsu. Wato guba da kasuwa su kaɗai sun kwashe tara cikin goma.

Gubar ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ba ungulu aka nufa da ita ba. Kura ko dila ko zaki ya kashe wa makiyayi saniya, zuciya ta ɗebe shi, ya sayo maganin ƙwarin gona mai arha ya barbaɗe a ragowar naman don in ɓarawon ya dawo da dare ya ci ya mutu. Sai dai ungulu ta riga kura zuwa. Kuma ba ita kaɗai take zuwa ba. Ungulaye a sama suna kallon ƙasa, suna kuma kallon juna. Da ɗaya ta karya fiffike ta yi ƙasa, ta nesa da ita ta gani ta biyo, ta bayan waccan ma ta biyo, cikin sa'a guda tsuntsayen da suka warwatsu a sararin kilomita masu yawa sun haɗu a kan mushe guda. Wannan dabarar ce ke sa su gano mushe kafin ya ruɓe, ita ce kuma ke sa saniya ɗaya mai guba ta kashe ɗari. Haka yaƙin da aka sha yi da karnukan da ba su da masu su da diloli a ƙasashen Sahel, inda ake watsa nama mai guba a bayan gari, ya ci ungulayen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Akwai kuma gubar gangan. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, masu gadin daji ma sun san haka, ɓarayin hauren giwa ma sun sani. In aka harbe giwa, jewar ungulaye a sama ita ke tona asirin inda gawar take. Sai ɓarayin suka koma zuba guba a gawar don su kawar da masu tona su. A yankin Kafiribi na Namibiya a 2013 gawar giwa ɗaya ta kashe ungulaye ɗaruruwa. A Botswana a watan Yunin 2019 an ƙirga 537 a kan gawar giwaye uku, kuma lokacin kiwon 'ya'ya ne, don haka 'yan tsakin da ke jira a sheƙa ba su shiga lissafi ba.

Wannan duk labarin gabashi da kudancin Afirka ne ya fi yawa. A namu yankin, Afirka ta Yamma, abin da ya fi cin ungulu kasuwa ce, kuma babbar kasuwar tana Nijeriya. Wani bincike da Ralph Buij da abokan aikinsa suka fitar a 2016, wanda ya haɗa bayanan kasuwannin magungunan gargajiya na ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ya nuna kusan kashi 73 cikin 100 na gawarwakin tsuntsaye masu cin nama da aka gani a rumfuna a Nijeriya suke, kashi 21 a Jamhuriyar Benin. Ba daɗin ji, amma haka abin yake.

Wanda ya taɓa ratsa layin 'yan magani a babbar kasuwa ya san yanayin wurin: saiwoyi da sassaƙe a tule, fatar damo, ƙahon gada, ƙayar beguwa, busasshiyar hawainiya, ga wani wari da ba ya kama da na ko'ina. Kan ungulu ba kasafai ake shimfiɗa shi a gaba ba yanzu. Mai saye zai durƙusa ya gaisa, ya rage murya ya ce, "Baba, an aiko ni neman kan tsuntsuwar nan." Mai rumfa ya ƙare masa kallo ya ce, "Yaro, ta yi wuya fa yanzu. Sai dai ka bar kafin alƙalami, ka dawo kasuwa mai zuwa." A wannan 'yar magana duk matsalar take. Kayan ya yi wuya, amma ba a ce babu ba, an dai ce a kawo kuɗi.

Me ake yi da ita? Masu binciken da suka zauna da 'yan magani sun ji amsoshi iri-iri: farfaɗiya, taɓin hankali, shanyewar jiki, sauƙin naƙuda, sa yaro ya yi saurin tafiya, kariya daga mayu. Amma abin da ya fi ɗaga farashi ba ciwo ba ne, neman sa'a ne. Tunanin shi ne tsuntsun da ke hango mushe daga inda ido ba ya kaiwa, kansa zai sa mutum ya hango abin da ke ɓoye. Ɗan caca na so, ɗan kasuwa mai neman kwangila na so, mai neman kujera na so. Don haka kuskure ne a ɗauka cinikin talakan ƙauye ne da bai je makaranta ba. Talaka shi ke harbowa, amma kuɗin da ke sa shi fita daji daga aljihun masu hali yake fitowa. Kuma babu wata shaida ta likitanci da ta nuna kan ungulu ko ƙwaƙwalwarta na warkar da ko ɗaya daga cikin cututtukan nan. Abin da aka tabbatar shi ne akasin haka: da yawan tsuntsayen da guba aka kama su, wasu da garin taba da ake barbaɗawa a nama, wasu da maganin ƙwari, kuma gubar ba ta fita don an shanya kai a rana. Mai farfaɗiyar da aka jiƙa wa ya sha, maganin ƙwari aka ba shi.

Ga inda lissafin kasuwa ya fi muni. A yawancin kaya, in abu ya yi wuya mutane sukan haƙura su koma wani. A nan wuyar ce ke ƙara masa daraja. Ungulu ta ragu, farashi ya hau; farashi ya hau, mafaraucin da a da ba zai ɓata harsashi a kanta ba ya ga ta fi gada riba; ya kashe, ta ƙara raguwa, farashi ya ƙara hawa. Da ta ƙare a kusa sai aka tsallaka iyaka. Binciken da aka yi a kasuwannin Arewacin Nijeriya, wanda aka buga a 2013, ya gano kaso mai yawa na kayan daga waje ake shigo da su, daga Nijar da Chadi da sauran maƙwabta. Wato kasuwar ta cinye na gida ta koma cin na maƙwabta.

Akwai labarin tsuntsu guda da ya nuna tsawon hannun wannan kasuwa. Farar ungulu, wadda Turawa ke dangantawa da Masar, tana ƙyanƙyasa a duwatsun Girka da Bulgeriya, in sanyi ya shigo can ta ƙetaro teku da hamada ta yi hunturu a Sahel. Waɗanda suka rage a yankin Balkan 'yan gomomin ma'aurata ne, kowanne an san sheƙarsa. A 2013 masu bincike a Girka suka ɗaura wa wani ɗan tsako na'urar da ke nuna inda yake, suka sa masa suna Paschalis. Ya tsallake Bahar Rum, ya tsallake Sahara, ya sauka a kudancin Nijar. A farkon 2014 aka kashe shi a yankin Damagaram. Da aka bi sawu, sai aka tarar mafarauci ne da ke shigowa daga Nijeriya musamman don ungulu. Kuɗin da wata ƙasa ta kashe shekara da shekaru tana gadin sheƙa, harbi ɗaya ya tashe shi.

Mafi girman asarar da aka taɓa gani a lokaci guda kuwa a Gini Bisau ta faru a 2020, a yankunan Bafata da Gabu, inda ungulun gari fiye da 2,000 suka mutu da guba cikin 'yan makonni. An tarar da da yawa ba kai. Ƙaramar ƙasa ce, amma tana cikin wuraren da ungulun gari ta fi yawa a duniya, shi ya sa masu neman kai suka nufe ta.

Sauran dalilan ba sai an daɗe a kansu ba, kowa na ganinsu. Ungulu a doguwar bishiya take sheƙa, rimi, giginya, kuka, maɗaci, tsamiyar da karin magana ta ce gidanta ce, su kuma masu gawayi da masu katako manyan bishiyoyi suke fara sarewa. Namun dajin da mikiya ke cin mushensu sun ƙare a wajen gandu. Mahauta ta canza: an rufe wasu da gini, kuma tsadar nama ta sa abin da a da ake jefarwa yanzu akwai mai saye. Sai wayar wuta. Wani layin lantarki mai tsawon kilomita 31 kusa da Port Sudan, da aka kafa tun shekarun 1950, ya yi ta kashe fararen ungulaye masu ƙaura har sai da aka kashe shi a 2014 aka maye gurbinsa da mai rufi.

To, in ta ƙare sai me? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba a buƙatar hasashe wajen amsa ta, domin Indiya ta riga ta gwada.

A shekarun 1980 ungulayen Indiya miliyoyi ne masu yawa, har ana ɗaukar mai farin ƙugu a matsayin babban tsuntsu mai cin nama da ya fi kowane yawa a duniya. Dalili a fili yake. Mabiya addinin Hindu ba sa cin naman shanu, saniya takan tsufa ta mutu da kanta, masu jima su feɗe fata su bar sauran a fili, ungulaye su gama da shi kafin a juya. A farkon shekarun 1990 sai maganin ciwon jiki diklofenak ya yi arha, aka fara yi wa shanu allurarsa. Saniyar da aka yi wa allura ta mutu cikin 'yan kwanaki, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace, ta mutu. Wani masani, Vibhu Prakash, shi ya fara lura da raguwarsu a gandun Keoladeo, amma sai 2004 aka tabbatar da sanadin, bayan binciken da Lindsay Oaks ya jagoranta a Pakistan. Lissafi ya nuna ba a buƙatar mushe mai yawa: ko ɗaya cikin ɗari bai kai ba ya isa ya jawo wannan ɓarna. Indiya da Pakistan da Nepal suka haramta yi wa dabbobi diklofenak a 2006. Kafin 2007 mai farin ƙugu ta ragu da kashi 99.9 cikin 100 idan aka kwatanta da 1992.

Mushen bai daina zuwa ba, masu kwashe shi ne suka tafi. Ya dinga ruɓewa a fili, ana jefa wani a kogi. Karnukan titi suka samu abinci suka hayayyafa da miliyoyi, ciwon haukan kare ya ƙaru. Bambancin ungulu da kare a nan yake: ruwan cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta, ta ci ta tashi sama, ba ta shiga gidan kowa. Kare kuwa ya ci mushe ya dawo ya kwanta a zaure, ya ciji yaro. A Kenya an gwada a fili: mushen da aka hana ungulaye zuwa ya ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, dabbobin da ke taruwa a kansa suna cuɗanya da juna ma suka ninka. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta gundumomin Indiya da a da suke da ungulaye da waɗanda dama ba su da su. Suka ƙiyasta cewa mutuwar mutane ta ƙaru da fiye da kashi 4 cikin 100 a inda ungulayen suka ɓace, kimanin mutum 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya a kan girmansa. Amma ko an raba shi biyu, an sake rabawa, abin da ya rage ya fi ƙarfin a kira shi maganar masu son tsuntsaye.

Kada dai a ɗauko Indiya ɗungurungum a ɗora mana. A nan in saniya ta kwanta ciwo maza ake sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, don haka ba mu da tulin gawar shanu irin nasu. Amma muna da jaki da doki da kare da abin da mota ta buge, muna da sharar mahauta da ke kwarara cikin kwata, muna da shekarun fari da annoba da dabbobi ke zubewa a hanyar kiwo fiye da yadda za a iya binnewa. Muna da haukan kare. Muna da ciwon saifa, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a 2023. Sannan diklofenak na mutane yana kowane kemis, makiyaya da yawa su ke yi wa dabbobinsu allura da kansu, kuma gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna ungulu mai farin baya ta Afirka ma maganin na kashe ta. Akwai madadinsa da aka tabbatar ba ya cutar da su, meloksikam. Wannan ƙofa ce da hukumomin magunguna za su iya rufewa tun ba a yi asara ba, kuma ba ta buƙatar kuɗi mai yawa.

A takarda, an yi abin da ya kamata. Nijeriya na da dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa tun 1985, wadda tararta ta farko naira 1,000 ce, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara hukuncin. Nijar na da dokar farauta da kare namun daji ta 1998. A 2017 a Manila ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura suka amince da shiri na shekara goma sha biyu domin nau'in ungulu 15 a ƙasashe 128, daga baya aka tsara wani na Afirka ta Yamma kaɗai da zai kai 2043. Har ranar ungulu ta duniya akwai, Asabar ta farko a watan Satumba. Sai dai mai rumfar da ya ce a dawo kasuwa mai zuwa bai ji alamar ko ɗaya daga cikinsu a jikinsa ba. Dokar da ba a taɓa ganin ta kama kowa a layin 'yan magani ba, ba ta shiga lissafin farashi.

Kuma dabarar da aka saba da ita wajen kare namun daji, a shata gandu a sa masu gadi, ba ta isa a nan. Gaskiya ne Thiollay ya tarar raguwar ba ta kai haka ba a cikin gandu irin na W, wanda ya haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin. Amma mikiya kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin 'yan kwanaki, ta kwana a gandu ta ci abinci a wata ƙasa. Ungulun gari kuwa dama ba 'yar daji ba ce, a tsakiyar mutane take rayuwa. Ga shi gandun W ɗin kansa 'yan bindiga sun hana masu gadi sakat a 'yan shekarun nan. Kiwonsu a keji, kamar yadda Indiya ke yi a cibiyar Pinjore, yana hana iri ɓacewa, amma tsuntsun da ke ƙwai ɗaya a shekara ba a cika sama da shi daga keji.

Ayyukan da na ga sun fuskanci inda ciwon yake ƙanana ne. A Nijar ƙungiyar Sahara Conservation na bin sheƙunan ungulaye a Tarmit da duwatsun Kutus, tana kuma zama da mafarauta da masu maganin gargajiya. A Nijeriya cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos na horar da masu ƙirga, gidauniyar kare muhalli da namun daji ta Nijeriya, NCF, kuma ta zaɓi ta zauna da ƙungiyoyin masu maganin gargajiya a kan su koma amfani da tsirrai a madadin sassan ungulu. Wasu na ganin wannan kamar amincewa ne da cewa dama maganin na aiki. Ina ganin hujjarsu, amma ban bi su ba. Mai magani ba zai bar sana'ar da ya gada don wani ya zo daga Legas ya ce masa camfi yake yi ba. Zai iya barin kan ungulu in abokan sana'arsa suka yarda cewa akwai abin da ya gaje shi, musamman da yake shi ma tsadar ta dame shi. Ɓangaren neman sa'a da hango gaibu kuwa ba aikin masana tsuntsaye ba ne. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan zuwa wurin boka da ɗan duba, abin da ya rage su san cewa wannan ciniki na cikin abin da suke magana a kai.

Inda ungulun gari ta rage da yawa, kamar Gambiya da wasu garuruwan ƙasar Ibo da al'ada ta hana taɓa ta, ba masu gadi ne suka tsare ta ba, mutanen gari ne ba sa yarda a kashe. A ƙasar Hausa wanda ke da irin wannan iko a wurin da ungulu ke sauka shi ne sarkin pawa. In ya ce ba a harbi ko ɗana tarko a mahautarsa, ba a yi. In aka ware wuri a bayan mahauta ana zuba abin da ba a sayarwa, tsuntsayen da suka rage sun samu abinci mara guba. Nepal ta yi makamancin haka tun 2006: wuraren ciyar da ungulaye da naman shanun da aka tabbatar ba su da diklofenak, tare da bin shagunan magani ɗaya bayan ɗaya a kewayen ana janye shi. Bayan wasu shekaru ƙirga ta nuna raguwar ta tsaya, adadin ya fara ɗagowa kaɗan-kaɗan.

Guba kuma maganinta sauri ne. A watan Mayun 2025 aka zuba guba a gawar giwa a gandun Kruger na Afirka ta Kudu. Fiye da ungulaye 120 suka mutu, amma an ceto fiye da 80 da ransu, saboda wasu tsuntsayen na ɗauke da na'ura, aka ga alamar matsala, ma'aikata suka isa wurin cikin sa'o'i da motoci da jirgi mai saukar ungulu da magunguna. Mu ba mu da wannan kayan aiki a gandun dajin Gumti na Nijeriya ko na Gadabeji a Nijar, amma kashi mafi muhimmanci na aikin ba ya buƙatarsu. Mushe mai guba yana ci gaba da kisa muddin yana fili, tsuntsun da ya mutu a kansa ma ya zama guba ga wanda zai ci shi. Malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, da ardo, da mai unguwa, in sun san cewa ganin matattun ungulaye biyu ko uku a wuri ɗaya na nufin a hana yara da karnuka zuwa, a tattara gawarwakin ba da hannu tsirara ba, a ƙone su ko a binne da zurfi a ranar, to wanda zai mutu gobe da jibi ya tsira. Makiyayin da kura ta yi wa ɓarna kuma yana buƙatar wurin kai ƙara da za a saurare shi, da taimakon gina shinge mai ƙarfi na kwanan dabbobi, tun kafin ya kai ga shagon maganin ƙwari.